Yagaggen Ganye a Saman Ƙofar Fada

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Audu magini, a birnin Bahiya da ke hayin teku, zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake kai kwana tara ke nan ba ka gaishe ni ba. Allah ya tsare ka a kan ruwan nan, ya tsare kakarka Inna, ya sauke ku Ikko da ƙafafunku, ya haɗa ku da mutanen kirki tun daga bakin gaɓa.

Bayan haka, na rubuta maka da Hausa don dalili biyu. Na farko, kada wani ma'aikacin jirgi ya buɗe ya karanta. Na biyu, Hausarka ta karkace, rabinta Nago, wato Yarbancin nan, rabinta Fotugis, ina so ka sha wuyar takardar nan kamar yadda na sha wuyar rubuta ta. Inda ka kasa, karanta wa Inna da ƙarfi. Ba ta san baƙi ba, amma kunnenta bai taɓa kuskure ba.

Ranar Jumma'a jirginku zai tashi, ni kuwa ba na ciki. Da na faɗa maka dalili, cewa ina da aiki a saman ƙofar fada, sai ka miƙe a gaban kakarka ka ce, "Baba, kai bawan kambi ne, takardar 'yanci kawai gare ka." Ka kuma ajiye cokalin ginin kakanka a bakin ƙofa, ka ce ba za ka haye teku da kayan bauta ba. Abin da na mayar maka ya fi naka muni, zan zo kansa. Amma kafin nan sai ka ji abin da ban taɓa gaya maka ba, domin shekara goma sha shida gare ka, kuma ba ni da tabbacin za mu sake zama a tabarma ɗaya.

Ka wuce fadar nan ta bakin dandali sau dubu, amma ban ga ranar da ka ɗaga kai ba. Matakalanta dutse ne da aka ɗauko daga ƙasar Fotugal. Ƙofarta ta kai tsayin mutum uku, alhali ba a taɓa haifar gwamna mai tsayin mutum ɗaya da rabi ba. A samanta baranda ce, inda suke tsayawa su karanta wa mutane doka. Can bisa baranda kuma sai tambari: kambin sarki a ƙololuwa, gicciye, ƙwallon duniya, da zoben taurari, kowane tauraro lardi guda. Rassa biyu suka rungume shi, na gahawa da na taba. Sun ce wannan ita ce ƙasa. Duba da kyau, akwai abin da ake nomawa, akwai hular mai ci, amma babu hannu ko ɗaya.

Kuskurena na farko karatu ne ya jawo shi. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Baƙaƙen da nake rubuta maka da su, daga allon da Baba, kakanka, ya ɓoye ƙarƙashin randa na tsince su, don tun bayan tawayen Musulmi yake tsoron a ga rubutu a gidansa. Na Fotugis kuwa a jikin fadar nan na koya. Akwai wani farin dutse a gefen ƙofa mai rubutu, na rantse sai na san abin da yake faɗa. Na riƙa gwada baƙaƙensa da sunayen jirage a tashar ruwa da takardun da ake naɗe kifi, shekara guda cur. Ranar da na haɗa shi, abin da ya ce shi ne wani gwamna ne ya gina wannan gida.

Na zo gida da gudu, na tarar da Baba yana cin abincin rana. Mutumin da duk magina ke kira Gwani, wanda rabin adon fadar nan daga yatsunsa ya fito. Na ce, "Baba, ina sunanka a dutsen?"

Ya ce, "Wane dutse?"

"Na ƙofa. An ce gwamna ne ya gina."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Ya ce, "A Zazzau ma haka ne. Ubana ya yi soron da baƙi ke zuwa kallo, ana cewa soron sarki."

Na ce, "Ashe can ma bawan fada ne kai, nan ma bawan fada."

Ka ji? Ba kai ka fara ba. Maganarka tawa ce, ta yi shekara ashirin tana yawo kafin ta dawo gida.

Bai mare ni ba, da ma ya mare ni. Ya wanke hannu ya ce, "Ƙofar da ubana ya yi a can gajera ce, sai ka sunkuya kake shiga. Ta nan doguwa ce, sai ka ji ka zama ƙwaro. Masu mulki abu ɗaya suke so, magini ne ya san hanya biyu. Kai da ka iya karatu, je ka tambayi gwamnan kaurin bangon." Sannan ya tashi ya bar ni da kwanon.

To, Abba, karatu abu ne mai kyau, kada ka bar shi, na fi kowa sanin abin da ya ba ni. Amma dutse abin da mai gida ya ce a sassaƙa shi yake faɗa. In kana son sanin wanda ya yi gini, ɗora tafinka a bango. Kuma duk ranar da ka iya abin da babba bai iya ba, riƙe bakinka kwana uku kafin ka je gabansa. Ni ban riƙe na rabin sa'a ba.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ya sa nake nan ku kuna tafiya.

Tambarin nan Baba ne ya fara yin sa. Lokacin da aka kori Fotugis, yana bawa, aka hau da shi ya farfashe tambarin tsohon sarki ya ɗora na sabo. Ba ya aiki da mazubi irin na Turawa, da hannu yake tayar da ado a ɗanyen yaɓe, yadda aka koya masa a gida. Bayan shekara talatin da wani abu tambarin ya tsage, ɗan kwangilar da ke kula da gyaran fada ya kira shi. Ina da shekara goma sha tara, na auri mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, kana ciki.

A kusurwar fada, daidai ƙarƙashin tambarin, masu ɗaukar kujera suke zama suna jiran wanda za su kai gangare ko su hau da shi. Babbansu Kawu Sambo ne, ka san shi da karkatacciyar kafaɗa, ba ka san dalili ba. Jirgi ɗaya ya kawo su da Baba. Wata rana ina cin ƙosai kusa da shi sai ya nuna sama da haɓa ya ce, "Audu, ka san da me aka saye mu?"

Na ce, "Da kuɗi mana."

Ya yi dariya. "Wane kuɗi? Da taba. Ba ma mai kyau ba, wadda Turawa suka ƙi sha. A shafa mata zumar rake a naɗe, a kai bakin tekunmu. Ubanka da ya fi ni ƙiba ya fi ni naɗi biyu, har yau yana yi mini gori."

Shi wasa yake yi. Ni kuwa na ajiye ƙosan. Na ɗaga kai na ga reshen taba yana rungume da kambi, kuma ubana ne ya yi shi da yatsunsa.

A makon nan gwiwar Baba ta kumbura, ya bar mini kwaɓin baya, wanda ke riƙe tambari da ƙusoshinsa a jikin bango. Ka san dokarmu: farar ƙasa ta ƙonannen ɓawon kawa, man ƙaton kifin da ake dafawa a Itapuwa, da yashin kogi wankin ruwa uku, a ɗanɗana a harshe kafin a zuba. Ni sai na ɗauki buhu da safe na gangara Agwa di Mininus, bakin tekun da dawakan soja suka ƙarasa mutanenmu a shekarar tawaye. Na ɗebo yashin wurin, ɗanye da gishirinsa. Ina tafe ina jin kaina wani jarumi. Na ce yashin da ya sha jininsu shi zai ci kambin nan daga ciki, wata rana ya faɗo a kan mai karanta doka.

Gishiri bai ba ni kunya ba. Ya jawo ruwa, ya cinye ƙusoshi, damina biyu kawai. Kana rarrafe lokacin. Wata Talata da hantsi rabin kambi da reshen taba gaba ɗaya suka ɓallo. Babu kowa a baranda. Mutanen da nake nufi ba sa tsayawa a rana, Abba, wannan ne ban lissafa ba. Tarkacen ya daki bakin baranda ya zubo kan wanda kullum yake zaune a wurin.

Muka iso da Baba, an kwantar da Kawu Sambo a gefe, kafaɗarsa ta koma wani iri. Ɗan kwangila yana ta ihu. Baba ya tsuguna da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗauki ɗan ɓarɓashi, ya sa a harshe. Bai dube ni ba. Da ya dube ni da na ji sauƙi. Ya tofar, ya miƙe, ya cire hula ya ce da Fotugis, "Ni ne, maigida. Na tsufa, harshena ya mutu, ban ji gishiri ba."

Ka san abin da wannan ke nufi ga mutum irinsa? Ni haifaffen nan ne, a takarda ɗan ƙasa. Shi kuwa haifaffen can, ko da ya fanshi kansa baƙo ne har kabari, a kan abin da bai kai wannan ba ana jefa mutum a jirgi a kore shi. Ɗan kwangila ya zage shi a gaban masu tallar ƙosai, ya kira shi tsohon jaki, ya ce kada ya sake taka tsani a aikinsa. Sunan shekara arba'in ya tafi kafin azahar. Ina tsaye, ni mai bakin da ba ya shiru, na bar shi ya ɗauki laifina. Baba ya jira mutumin ya gaji, sannan ya ce, "Ba wanda zai iya ganyen nan da hannu sai ɗana. Ba shi. Ni zan tsaya a ƙasa." Da yake ɗan kwangila ba shi da wani, ya yarda.

A gida na so in kare kaina. Na ce, "Yashin Agwa di Mininus ne, Baba. Don su na yi."

Ya ce, "Kada ka sa sunansu a bakinka. Na san su, wasu na yi salla a bayansu. Da fararen riguna suka fito, kowa ya ga fuskarsu, abin da ya same su su ya sama. Kai ka ɓoye gishiri ka koma gida ka ci tuwo, Sambo ya biya. Gobe da safe ka je ka ɗauki sandar kujerarsa."

Wata bakwai na yi ina ɗaukar kujera da safe, abin da aka samu a kai gidan Kawu Sambo, da la'asar in hau tsani. Na ɗauki alƙalai, na ɗauki matan masu rake da karnukansu, na hau da su tudun nan da kake haki in ka hau ba kaya. Da Kawu ya fara fitowa, sai ya zauna a wurinsa na da, hannu a rataye, yana kallona.

Ya ce, "Ɗan Gwani, ashe sarki ka nufa ka samu jakinsa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Da ka gaya mini ai da na matsa. Ɗaga sandar nan sosai, kana tafiya kamar agwagwa, za ka zubar mini da alƙali."

Bai sake ɗaukar kujera ba har ya rasu, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har Inna. Ita ma yau za ta ji, in ka karanta mata. Ka ce mata ɗanta ne, ba mijinta ba.

Ga abin da nake so ka riƙe. Fushinka gaskiya ne, ban ce ka zubar da shi ba, ni ma nawa yana nan ko kaɗan bai huce ba. Amma kafin ka saki komai daga sama, leƙa ka ga wa ke zaune a ƙasa. Kullum namu ne. Abin da kuma ba za ka iya yi da fuskarka a buɗe ba, ba jarumta ba ce, ko da wane yashi ka kwaɓa shi.

Yanzu saura abin da ya sa na ce ka ɗaga kai.

Da na zo kan reshen taba, Baba yana ƙasa a kan kujerar katako da sandarsa. Ya kira ni na sauko. Ya zaro wani busasshen ganye daga aljihu, baƙi-baƙi, gefensa a yage, tsutsa ta huda shi wuri biyu. Ya ce, "Wannan za ka yi a gindin reshe."

Na ce, "Wannan ai lalatacce ne."

Ya ce, "Shekara talatin yana can sama, kai mai karatu ba ka karanta shi ba?"

Sai ya gaya mini. Ganyen sama na taba, masu faɗi da kyau, su ake kai wa Turawa. Na gindi, wanda ya sha ƙasa ya yage, shi ake shafa wa zuma a kai bakin tekunmu. Tun ranar da aka hau da shi yana bawa, ya yi ganyayen sama yadda suke so, na gindin kuma ya yi shi yadda yake. Turawa suka ce gwaninta ce, ganye kamar mai rai. Amma duk wanda aka sauke daga jirgi ya san ganyen nan, ya san ƙamshinsa. Tsofaffinmu in za su ratsa dandali sukan ɗan ɗaga kai, ni ina zaton kambi suke girmamawa, ina jin haushinsu. Kawu Sambo saboda ganyen ya zaɓi kusurwar nan. Ya ce yana so ya zauna inda aka rubuta farashinsa.

A duk birnin nan, da majami'unsa masu zinariya da duwatsunsa masu sunayen gwamnoni, wuri ɗaya tak aka faɗi yadda muka zo. A goshin fadarsu, ƙarƙashin kambinsu, da rana tsaka. Ubana ne ya sa shi, ni kuma na kayar da shi a kan abokinsa.

Sau huɗu na yi ganyen. Sau uku yana nuna shi da sanda yana cewa, "Fasa. Wannan yagewar ta ƙarya ce, kamar da almakashi." A na huɗu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sauko mu tafi." Yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan, kuma ban ga wanda zan musanya shi da shi ba. Ganyen da ke can yau nawa ne. Shekara goma sha huɗu ko ɓarɓashi bai zubo ba, kuma duk wanda ya ce akwai mai yaɓen da ya fi ni a birnin nan, ya zo da tsaninsa.

Bana ruwa ya shiga ta bayan kambi daga rufi, ba daga aikina ba. Ɗan tsohon ɗan kwangila, wanda ya gaji ubansa, ya ce a sauke tambarin duka a kawo na ƙarfe daga Turai. Na ga zanen. Ganyayen duk tsayi ɗaya, sumul, kamar haƙoran mataji, taba ce da ba ta taɓa ganin gona ba. Na tare shi a dandali, bakina ya kusa ɓata komai kamar kullum, na ce masa ƙarfensa zai yi tsatsa ya yi wa fada hawaye ja kafin ya yi furfura. Allah ya sa ya yi dariya maimakon ya kira 'yan sanda. Ya ce in na gyara kafin bikin korar Fotugis, a bar nawa. In ban gyara ba, guduma. Saura mako bakwai, jirginku kuma jibi.

Wannan ne aikin da ka kira bautar kambi. Kambin zan gyara, gaskiya ne, zan ma goge shi ya yi ƙyalli, domin sai yana nan ganyen yake nan. Tsofaffin da suka san ma'anarsa sun kusa ƙarewa, kullum ana binne ɗaya. In na shiga jirgi, ba sauran wanda zai ce a dakata.

Ba zan yi maka ƙarya in ce zan biyo jirgi na gaba ba. Ban ce har abada ba, amma ba na ji. A nan aka binne cibiyata, a nan kabarin Baba da na mahaifiyarka suke. Sun ce ƙasar tasu ce, sun zana ta ba hannu. Ni na ce wanda ya san kaurin bango yana da magana a gidan, kuma ban bar musu ita ba. Wannan ba ya nufin ku kun yi kuskure. Inna an ɗauko ta tana yarinya, tana so ta mutu inda ake kiran salla a fili, wa zai hana ta? Kai kuma ba za ta haye teku ita kaɗai ba. Tafiyarka daidai ce, zamana daidai ne, abin da ke ciwo ke nan.

Kuskure na uku na kwana tara ne. Da ka kira ni bawa, na ce maka, "Tafi, ƙasar da ta sayar da kakanka tana jiranka da tabarma." Na ga fuskar Inna lokacin. Ubana da na zage shi ya wanke hannu ya koya mini ƙofa biyu, ni ɗana ya zage ni na rama kamar sa'ana. Ban kai shi ba, ban ma kusa ba. Na janye maganar nan, kuma ka roƙar mini Inna. Wannan bakin ka gada, na gani tun kana ƙarami. Zai buɗe maka wasu ƙofofi, amma yawanci a kan naka zai faɗo.

An ce a Ikko attajirai da sarakuna suna neman maginan Bahiya, kowa yana son bene da baranda da ado a saman ƙofa. Za su neme ka. Gina musu, ba abin kunya ba ne, mai mulki zai wuce bango ya rage. Amma garin a bakin ruwan gishiri yake, kada ka yarda da yashin kowa sai ka sa a harshenka, ko da mai gida yana tsaye yana gaggawa. In an ce ka yi ƙofa, tambayi kanka wa ake so ya sunkuya, ka sani ko da ba za ka iya hanawa ba. In an ba ka bayi su ɗauko maka kwaɓi, don can ma akwai su, ka san sunan kowanne, ka ci abinci inda suke ci. Kada ka sa takalmi da hular Bahiya ka riƙa taka mutane kana jin kai Bature ne, na ji wasu da suka koma haka suke yi, in na ji naka sai na iyo tekun nan. A kowane gini kuma ka bar abu ɗaya na gaskiya a fili, ka yi shi da kyawun da za su ji asarar cire shi.

Inna za ta ce jirgi bai dame ta ba. Ƙarya ce, ka ajiye mata lemon tsami kusa. In ta tashi tafiya arewa neman danginta, kada ka bar ta da ayari ita kaɗai, ko da aiki ya riƙe ka. Kada ka yi irin tawa, ɗaya a gida ya isa.

Cokalin da ka bari a bakin ƙofa na ɗauka. Yana cikin akwatin Inna, ƙarƙashin baƙin zanenta. Da shi aka yi ganyen farko, da shi aka yi na biyu, ni zan ƙarasa da nawa. Na goge bayansa da toka da lallausan yashi har ina ganin fuskata a ciki, ba don ado ba. Jirginku da hantsi zai fita, rana tana bayan tudu tana haska ruwa. Ranar ba zan zo tasha ba, na san bakina. Zan hau rufin fada ta gefen da ke kallon teku, daga nan ana ganin kowane jirgi har ya fita. In ka ga cokalin kayan bauta ne, jefa shi a ruwa, naka ne, ba zan taɓa tambaya ba. In kuwa ka riƙe, tsaya a bayan jirgi ka juya shi ga rana. Zan gani. In ban ga komai ba, zan ce gajimare ne, in koma kan ganyena.

Allah ya kwantar muku da teku, ya ba ku iska mai kyau. Allah ya tsare ka daga zazzaɓin bakin gaɓa, da mugun aboki, da harshenka. Allah ya sa abin da ka gina ya tsaya, kada ya taɓa faɗowa a kan kowa. Ya ji ƙan wanda ka ci sunansa, da mahaifiyarka, da Kawu Sambo. Amin.

Ni ne ubanka,
Audu ɗan Gwani, mai yaɓen saman ƙofa.